Kiwon Lafiya Ga Kowa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rigimar da Ta Ƙi Ci Ta Ƙi Cinyewa

Da zaɓe ya ƙarato, a ƙasa mai arziki ko matalauciya, maganar asibiti da kuɗin magani sai ta taso. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa a wannan muhawara. Ina cikin masu ganin ya kamata kowa ya samu kulawa ba tare da an duba aljihunsa ba, amma inda masu adawa suke da hujja zan faɗe ta.

Me ake nufi da kiwon lafiya ga kowa?

Ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da ita ita ce kowane mutum ya samu kulawa mai inganci a lokacin da yake buƙatarta, kuma kuɗin kulawar kada ya jefa shi cikin talauci. Wannan rabi na biyu shi ake yawan mantawa. Mutumin da aka yi wa tiyata ya warke, amma sai da ya sayar da gidansa ya cire yaransa daga makaranta, tsarin bai kare shi ba.

Ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya sun sa wannan buri cikin muradun ci gaba da suka amince da su a 2015, da niyyar cim ma sa a 2030. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2023 ya ce kimanin mutum biliyan 4.5 ba sa samun cikakkiyar kulawa ta asali, kuma kusan biliyan 2 kuɗin jinya na jefa su cikin ƙuncin rayuwa.

To ai kowa na son haka. Me ake faɗa a kai?

Ba za ka samu ɗan siyasar da zai hau mumbari ya ce a bar talaka ya mutu a ƙofar asibiti ba. Saɓanin yana kan wa zai biya, nawa zai biya, kuma wa zai riƙe kuɗin. Duk tsarin da ya haɗa kowa da kowa yana karɓa daga mai lafiya ya bai wa mara lafiya, daga matashi zuwa tsoho, daga mai hali zuwa mara shi. Wasu na ganin wannan shi ne ma'anar zama al'umma ɗaya. Wasu na ganin gwamnati ce ke zura hannu a aljihun wanda ya yi gumi, kuma suna tsoron ranar da ma'aikacin ofis zai yanke musu irin maganin da za su sha.

Sannan ga masu cin moriyar yadda abubuwa suke: kamfanonin inshora, masu haɗa magunguna, manyan asibitoci masu zaman kansu. Abin da mai gyara ke kira asara, a wurin wani shi ne ribarsa, don haka ba ya sakinsa ta daɗi.

Shin da gaske kyauta ne?

A'a. Likita na karɓar albashi, ana sayen magani, ana biyan wuta. Abin da ke canzawa shi ne lokacin biya. A tsarin da babu kariya, mutum yana biya ne ranar da ya fi kowace rana rauni: majinyaci na kwance, ɗan'uwansa na tsaye a tagar karɓar kuɗi da takarda a hannu yana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya a waya, an ce ba za a taɓa shi ba sai an ga rasit. A tsarin kowa da kowa, ana biya tun ana da lafiya, kaɗan-kaɗan, ta haraji ko ta abin da ake cirewa daga albashi. Ɗan siyasar da ya ce "kyauta" bai faɗi inda kuɗin zai fito ba, rabin magana ya yi.

Me ya sa ba za a bar wa kasuwa ba, kamar sauran kayayyaki?

Masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya yi bayanin wannan tun a 1963. Ba wanda ya san ranar da ciwo zai same shi, ba wanda ke taya farashi yana cikin motar ɗaukar marasa lafiya, kuma mai sayarwa, wato likita, shi ne ke faɗa wa mai saye abin da yake buƙata.

Inshora ta kasuwa kuma tana da nata ciwon. A ɗauka mutum 1,000 sun haɗa kuɗi a asusu ɗaya. A shekara, yawancinsu ba za su ci komai ba, 'yan kaɗan ne za su kwanta ciwo mai tsada su cinye mafi yawan abin da aka tara. Idan shiga ganin dama ce, matasa masu jini a jika za su ga kuɗinsu na tafiya a banza su fice. Waɗanda suka rage sun fi yawan ciwo, sai kuɗin shiga ya tashi, sai wasu masu lafiyar su ƙara ficewa, har asusun ya durƙushe. Kamfani ya san haka, shi ya sa yake neman mai lafiya ruwa a jallo yana gudun mai ciwon suga ko wadda ta taɓa yin ciwon daji (kansa). Wanda ya fi buƙatar inshora shi ne kasuwa ba ta so. Wannan ne tushen amsar da ke ƙasa kan tilasta wa mutane shiga.

Wace hanya ƙasashen da suka yi nasara suka bi?

Ba hanya ɗaya ba ce. Jamus ce ta fara, a 1883, lokacin shugaban gwamnati Otto von Bismarck, da dokar da ta wajabta wa ma'aikata shiga asusun jinya, su zuba kuɗi masu ɗaukarsu aiki su ma su zuba. Bismarck ba ɗan gurguzu ba ne, ya yi hakan ne don ya janye ma'aikata daga jam'iyyar 'yan gurguzu. Har yau a Jamus asusu ne masu yawa, ba na neman riba ba, doka ce ke tsara su.

Birtaniya ta bi ta haraji. A ranar 5 ga Yulin 1948 hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, wato NHS, ta fara aiki a ƙarƙashin ministan lafiya Aneurin Bevan, gwamnati ta karɓi yawancin asibitoci, mara lafiya ya daina biya a bakin ƙofa. Kanada ta tsaya a tsakiya: gwamnatin lardi ce ke biya, amma yawancin likitoci masu zaman kansu ne, suna aika mata lissafi. Taiwan ta ɗauki mai kama da wannan a 1995. Suwizalan daga 1996 da Holan daga 2006 sun bar kamfanonin inshora suna aiki, sai dai dole kowa ya saya, dole kamfani ya karɓi duk wanda ya zo, gwamnati kuma ta tallafa wa mai ƙaramin ƙarfi.

Abin da ya haɗa su duka: shiga dole ce, ana biya tun kafin ciwo, kuma ba a korar mutum saboda ciwonsa. Wanda ya ce kiwon lafiya ga kowa yana nufin gwamnati ta mallaki kowane asibiti, bai duba Jamus da Holan ba.

Me ya sa Amurka ta fita daban, ga ta da arziki?

Tarihi ne ya ɗaure ta. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta ƙayyade ƙarin albashi, sai kamfanoni suka koma jan hankalin ma'aikata da inshorar lafiya. Dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da cewa ba a cire haraji daga wannan alfarma. Daga nan lafiyar Ba'amurke ta rataya a wuyan aikinsa: in aka sallame shi, inshorar iyalinsa ma ta tafi.

Shugaba Harry Truman ya nemi inshorar ƙasa baki ɗaya a 1945, ƙungiyar likitocin Amurka ta yaƙe shi da kamfe mai tsada tana kiran shirin gurguzu. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya samu rabi, wato shirye-shiryen inshorar gwamnati guda biyu: Medicare ga masu shekara 65 zuwa sama, Medicaid ga wani ɓangare na talakawa. Ya je har garin Truman a jihar Missouri ya sa hannu a dokar, ya miƙa masa katin farko. Yunƙurin Bill Clinton na 1993 ya mutu a majalisa a shekarar da ta biyo baya ba tare da an kaɗa masa ƙuri'a ba.

Sakamakon shi ne ƙasar na kashe kusan kashi 17 cikin 100 na arzikin da take samarwa a kan lafiya, fiye da kowace ƙasa mai arziki, amma har yanzu miliyoyin mutanenta ba su da inshora, kuma tsawon ransu bai kai na Kanada ko Faransa ko Japan ba. Babban dalili shi ne tsadar farashi da yawan kuɗin da ke tafiya a cike takardu tsakanin asibiti da ɗaruruwan masu biya.

Me Obamacare ta canza?

Barack Obama ya sa hannu a dokar gyaran inshorar lafiya da ake kira Obamacare ranar 23 ga Maris 2010, bayan ta wuce ba tare da ƙuri'ar ɗan jam'iyyar Republican ko ɗaya ba a zagayen ƙarshe. Ta haramta wa kamfani ƙin karɓar mutum ko tsawwala masa saboda ciwon da yake da shi tun da farko, ta bar yara a kan inshorar iyayensu har shekara 26, ta kafa kasuwar sayen inshora da tallafin gwamnati, ta faɗaɗa Medicaid, ta kuma sa tara a kan wanda ya ƙi saye. Marasa inshora sun ragu daga kusan kashi 16 cikin 100 a 2010 zuwa kusan kashi 8 a 2023.

An sha artabu a kanta. A 2012 Kotun Ƙoli ta amince da tarar a matsayin haraji, amma ta ce ba za a tilasta wa jihohi faɗaɗa Medicaid ba, kuma manyan jihohi irin su Texas da Florida suka ƙi. A watan Yulin 2017, cikin dare, aka kaɗa ƙuri'ar soke wasu ginshiƙanta a Majalisar Dattawa. Sanata John McCain, ɗan Republican da ba a daɗe da gano yana da kansar ƙwaƙwalwa ba, ya tako gaban zauren ya miƙa hannu, ya ɗan dakata, sannan ya juya babban yatsansa ƙasa. Ƙudurin ya faɗi da 51 da 49. A ƙarshen shekarar aka mayar da tarar sifili ta cikin dokar haraji.

Ta ɓangaren hagu ma ba a ƙyale ta ba. Sanata Bernie Sanders da magoya bayansa na cewa ta bar kamfanonin inshora a tsakiyar hanya suna ci, gara a faɗaɗa Medicare ta game kowa. Abin da ke taka wa wannan birki shi ne mutum sama da miliyan 150 na samun inshora ta wurin aiki, kuma da yawa suna tsoron sakin abin da ke hannunsu.

Adalci ne a tilasta wa mai lafiya biyan abin da ba ya so?

Wannan ce hujja mafi ƙarfi ta masu adawa, kuma ba a raina ta. 'Yancin mutum kan dukiyarsa abu ne mai daraja. Sai dai wanda ya ƙi shiga ba ya fita daga lissafin jama'a. Ranar da mota ta buge shi, ba za a bar shi a titi ba. A Amurka ma dokar 1986, wadda Ronald Reagan ya sa wa hannu, ta wajabta wa sashen gaggawa duba duk wanda aka kawo ko yana da kuɗi ko babu. Kuɗin jinyarsa sai ya faɗa kan sauran mutane ta bayan fage. Shi ya sa tunanin tilastawa ya samu karɓuwa a wurin wasu masu ra'ayin riƙau tun farko, har gwamna Mitt Romney ɗan Republican ya sa shi a dokar jihar Massachusetts ta 2006. Inda tilas ke zama zalunci shi ne a ɗora ta kan wanda ba shi da abin biya, ba tare da tallafi ba.

An ce a irin waɗannan ƙasashe sai mutum ya yi watanni yana jiran tiyata. Gaskiya ne?

A wasu, gaskiya ne. A Ingila jerin jiran aikin asibiti wanda ba na gaggawa ba ya haura miliyan 7 a 2023, kuma a Kanada jiran ganin ƙwararren likita ko canjin ƙashin ƙugu koke ne na kullum. Dattijon da ke kwana da ciwon gwiwa wata da watanni yana jiran a kira shi yana da haƙƙin ya yi fushi. Amma Jamus da Suwizalan sun haɗa kowa ba tare da irin wannan dogon layi ba, domin suna da gadaje da likitoci da yawa kuma suna kashe kuɗi fiye da Birtaniya. Layi alama ce ta ƙarancin ma'aikata da kayan aiki. Inda babu tsarin kuma akwai wanda ba ya shiga layin sam, yana gida yana jinyar kansa, kuma ba ya cikin ƙidayar kowa.

Idan ba a biya a ƙofa, mutane ba za su cika asibiti da ƙananan koke ba?

Zuwa asibiti yana ƙaruwa, babu musu. Babban gwajin da cibiyar RAND ta yi a Amurka daga shekarun 1970 zuwa 1982 ya nuna waɗanda aka sa su biya wani kaso sun rage zuwa wurin likita. Sai dai sun rage mai amfani da mara amfani baki ɗaya, domin mara lafiya ba ya iya tantance ciwon kan da zai wuce da kansa da wanda ke nuna hawan jini. Talakawa masu hawan jini su suka fi cutuwa a gwajin.

Ƙasashen Afirka da yawa sun sa kuɗin ganin likita a shekarun 1980, lokacin tsuke bakin aljihu, sai talakawa suka ja baya. Da Yuganda ta soke shi a 2001 jama'a suka yi tururuwa, haka ma Saliyo a 2010 da ta yafe wa masu juna biyu da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Darasin da aka koya a wurare irin waɗannan shi ne in aka soke kuɗin ba a ƙara wa asibiti abin da zai maye gurbinsa ba, magani sai ya ƙare a ma'ajiya a koma rubuta wa majinyaci ya sayo a waje.

Me ya sa likitoci ke yawan yin adawa da gyaran?

Tsoron rasa kuɗin shiga da rasa 'yancin aiki. A lardin Saskatchewan na Kanada, inda firimiyan lardin Tommy Douglas ya fara inshorar asibiti a 1947, likitoci sun shiga yajin aiki na kwana 23 a Yulin 1962 ranar da aka faɗaɗa shirin zuwa kuɗin likita, har sai da gwamnati ta ɗauko likitoci daga Birtaniya. An sasanta da barinsu masu zaman kansu. Bevan ma sai da ya bar manyan likitoci su ci gaba da ganin majinyata masu biya a gefe kafin suka yarda. Yau a ƙasashen biyu ƙungiyoyin likitoci na cikin masu kare tsarin, kokensu ya koma kan albashi da yawan aiki.

Ƙasa mai ƙaramin ƙarfi za ta iya?

Tailan ta iya. A 2002 ta game ƙasar da shirin da mutum ke biyan baht 30 a kowace ziyara, abin da bai kai dala ɗaya ba a lokacin, sauran kuma daga haraji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ta shafe shekaru kafin nan tana gina asibitin gunduma da ƙananan cibiyoyin lafiya, tana tura sabbin likitoci aikin dole a karkara. Da katin ya zo, akwai inda za a kai shi. Ruwanda ta bi ta inshorar al'umma, inda gwamnati da masu ba da agaji ke biya wa mafi talauci. Ghana ta kafa inshorar ƙasa da dokar 2003, ta ɗora ta kan ƙarin kashi 2.5 cikin 100 a harajin kayayyaki, ko da yake jinkirin biyan asibitoci bashinsu ya daɗe yana damun shirin.

Babbar matsalar ƙasashe irin waɗannan ita ce yawancin mutane ba su da albashin da za a cire wa wani abu: manoma ne, 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu. Tsarin Bismarck a irin wannan wuri ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni kawai yake kamawa. Ba makawa sai an haɗa da kuɗin haraji. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, kuma ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cika shi.

Wa ke yanke irin maganin da za a biya da wanda ba za a biya ba?

Babu asusun da zai iya sayen komai. A Ingila hukumar NICE, wadda aka kafa a 1999, tana auna tsadar sabon magani da yawan shekarun rayuwa mai inganci da zai ƙara, wani lokaci kuma ta ce a'a, ko da maganin ciwon daji ne. Wannan yana da ciwo ga iyalin da abin ya shafa. A Amurka, a muhawarar 2009 kan ƙudurin Obamacare, Sarah Palin, tsohuwar gwamnar Alaska 'yar Republican, ta yi zargin za a kafa kwamitocin yanke wa tsofaffi hukuncin mutuwa, abin da babu shi a cikin ƙudurin, amma ya tsorata jama'a sosai. A kowane tsari akwai mai cewa a'a. Ni na fi yarda da wanda ke faɗin dalilinsa a fili ana iya ƙalubalantarsa, fiye da ma'aikacin kamfani da ke aiko da wasiƙar ƙin biya. Mai saye guda ɗaya babba kuma yana iya taya farashi, abin da Medicare ba ta samu ikon yi da kamfanonin magani ba sai da dokar 2022.

Akwai shaidar cewa inshora na ƙara wa mutane lafiya?

A 2008 jihar Oregon ta raba guraben Medicaid ta hanyar ƙuri'ar sa'a saboda kuɗinta bai isa kowa ba, sai masu bincike suka samu damar kwatanta waɗanda suka dace da waɗanda ba su dace ba. Cikin kusan shekara biyu, masu katin sun fi zuwa wurin likita, bashin asibiti ya ragu a kansu, ciwon damuwa ya ragu, an gano masu ciwon suga da yawa. Amma ba a ga bambanci mai ƙarfi a ma'aunin hawan jini da suga ba, kuma masu adawa sun riƙe wannan. Binciken da aka yi daga baya kan jihohin da suka faɗaɗa Medicaid, da mutane masu yawa da lokaci mai tsawo, ya nuna raguwar mace-mace a tsakanin talakawa masu manyan shekaru.

Da zarar an kafa tsarin, wata gwamnati na iya rushe shi?

Ya taɓa faruwa. Ostireliya ta kafa Medibank a 1975, gwamnatin Malcolm Fraser ta yi ta zare masa ginshiƙai har ya zama babu a 1981, sai a 1984 gwamnatin Bob Hawke ta dawo da shi da sunan Medicare. Amma irin haka ba ya yawa, domin abin da jama'a suka ɗanɗana da wuya a ƙwace musu ido na ganin ido. Margaret Thatcher, lokacin da take firaministar Birtaniya, ta sayar da kamfanonin gwamnati da yawa, amma ba ta sayar da NHS ba, kuma amsar da ke sama kan Obamacare ta nuna yadda yunƙurin 2017 ya ƙare.

Abin da aka fi yi shi ne a bar sunan a janye kuɗin a hankali. Kasafi ba ya tafiya daidai da tsufan jama'a da tsadar magani, ma'aikatan jinya suna barin aiki ko su tafi ƙasar waje, layi yana tsawo, masu hali suna komawa asibitin kuɗi. Da masu hali sun fice, masu murya a siyasa sun daina damuwa da asibitin gwamnati. Mai son sanin inda tsarin ƙasa ya dosa sai ya duba abin da aka saki wa lafiya a kasafin kowace shekara, da yawan guraben likita da nas da ba a cike ba, da kuma kason kuɗin jinya da har yanzu ke fita kai tsaye daga aljihun majinyata.